Wayar da Alhaji Ya Sa Aka Yanke

Jama'a, wallahi tallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba ji na yi a tasha ba. Shekarun baya ina tuƙa tirela a wurin wani Alhaji da ba zan kama sunansa ba, muna ɗauko riɗi da dawa daga Gwaram mu biyo ta Birnin Kudu mu kai Kano. Motocinsa biyu ne iri ɗaya, 'yan Beljiyam, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun Yaya Sabo, wanda shi ya koya mini tuƙi, har ya yi mini waliyyi da zan yi aure.

Motocin suna da wata na'ura, in taya ta fara santsi ko lodi ya rinjaya a kwana, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama walƙiya a gabanka, motar ta rage wuta ta dinga kama birki da kanta har ta daidaita. To shi Alhaji wannan abin ne ya tsone masa ido, wai yana kashe wa mota ƙarfi, motocin wasu suna riga mu shiga kasuwa. Ya sa Malam Iliya mai wayarin ya cire akwatin na'urar a duka biyun. Yaya Sabo ya ce, "Alhaji, damina fa ta kawo jiki, abin nan shi ke riƙe mu a santsi." Alhaji ya ce, "Sabo, da can da babu shi mutuwa kuka yi?"

Daminar ba ta fita ba motar Yaya Sabo ta kife a wata kwana wajen Kiyako, ko shurawa bai yi ba. A wajen zaman makoki, a gaban 'ya'yansa, Alhaji ya buɗe baki ya ce ai marigayi dama akwai gudu. Yaya Sabo! Mutumin da direbobi ke yi wa tsiya suna ce masa hawainiya, wanda in zai shiga kwana sai ya ƙwanƙwasa sitiyari da zoben azurfarsa, ƙwas-ƙwas, yana bismilla. Har yau in na tuna maganar nan zuciyata tafasa take.

Aka gyara bodin motar, tawa kuma giya ta lalace, sai Alhaji ya miƙo mini makullin ta marigayin. Ina da iyali, ya zan yi? Na karɓa.

Ran nan bayan la'asar, rana tarwai, an ɗauke ruwa ke nan kwalta tana sheƙi, na taso daga Gwaram da riɗi an jibge shi har ya wuce kan bodi, ni kaɗai a mota. Ina shiga kwanar nan sai na ji baya ya kwashe, sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar faifai, na leƙa madubi na ga bodin yana tahowa ta gefe zai naɗe ni. Innalillahi! Na sadaƙar na kama salati. Sai na ji ƙwas-ƙwas a jikin sitiyarin, tsakanin hannuwana, ni kuwa ban taɓa sa zobe ba. Fitilar nan ruwan ɗorawa ta kama walƙiya, injin ya rage wuta ƙafata tana kan totur, iskar birki tana fis-fis ta wannan gefe ta koma wancan, motar ta yi rangaji ta miƙe a kan hannunta. Na gangara gefe na sauko, na zauna a cikin taɓo.

Da na iso Birnin Kudu garejin Malam Iliya na wuce, na ce, "Malam, Allah ya saka da alheri da ka mayar da na'urar nan." Ya dube ni ya ce, "Wace na'urar?" Ya shiga shago ya ɗauko akwatin, ya yi ƙura, an rubuta lambar motar a jiki. Muka buɗe gaban motar, ga wayoyin nan a yanke an naɗe su da salatif. Ya ce, "Kai, ko ƙwan fitilar ma ni na zare shi, don kada ta dame ku." Ya nuna mini ramin, wayam.

Na samu Alhaji na kwashe komai na gaya masa, ina zaton ko jikinsa zai yi sanyi. Wallahi dariya ya yi, ya ce, "To ka gani, tunda tana yi da kanta me za a mayar?" Na ajiye masa makullinsa a kan tabarma na fita, ban ko yi sallama ba.

Ni Musulmi ne, na san wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma na san kwanana ne bai ƙare ba. Amma ban san me ya ƙwanƙwasa sitiyarin nan ba, malaman da na tambaya ma addu'a kawai suka ba ni. Abin da ke ci mini rai shi ne, mota ɗaya, kwana ɗaya, wayoyi a yanke, ta kama mini birki, shi Yaya Sabo ba ta kama masa ba, kuma har yau 'ya'yansa suna jin ana cewa gudu ne ya kashe ubansu.

Direbobi 'yan'uwana, duk mai motar da ya ce a yanke wayar nan, ku ce ya zo ya zauna a gefenku ku shiga kwanar tare. In ya ƙi, ku ba shi makullinsa.