Ƙwan da na tsaga

Da mahaifiyata ta rasu a Maiyama, kasona a cikin dabbobinta kaza ce guda, wake-wake, masifaffiya kamar mai ita. Na kawo ta Jega, ba ta rufa wata biyu ba muzuru ya ɗauke ta, ta bar ƙwai shida. Na ari kazar maƙwabciyata mai kwanci na zuba mata. Biyar suka zama baragurbi. Na shidan, wanda shi kaɗai ya rage mini daga hannun tsohuwa, ni da kaina na tsaga shi: garin dube-dubena zobe ya ƙwanƙwashe shi. Na liƙe tsagar da kakin zuma ina zagin kaina.

Bayan kwana biyu 'yata mai karatun halittu a Aliero ta zo gida. Da rana tsaka ta ja ni ɗakin ajiya, ta rufe ƙofa, ta ɗora ƙwan a kan fitilar wayarta.

Shekara hamsin ina fasa ƙwai, ban taɓa ganin cikin mai rai ba. Jijiyoyi ne jajaye, sirara kamar saiwar albasa, sun game ɓawon ta ciki, ga wani duhu a tsakiya yana motsi. Sai salati na ji a bakina. Daidai tsagar kuwa jijiyoyin sun yi kauri, sun taru, wurin ya yi jawur.

"Na kashe shi ko?" na tambaye ta.

"Inna, hwaɗa shikai," in ji ta. "Wanga jan da kinka gani, jijiyoyi na sunka buɗe, su kai jini wurin ciwo. Kwanakkin hwarko ba su iya ba, sannu-sannu suka koyo. Kumburi ke nan."

Ni da na ɗauki kumburi abokin gaba, ina shafa masa man zafi ina tsine masa, ashe tun a cikin ƙwai ake koyon sa, babu uwa babu malami. Tsoron Allah ya kama ni ƙwarai.

Ranar ƙyanƙyasa ɗan tsakon ya huda ɓawo da hantsi, ya tsaya, sai kuka siriri. Na kai farce zan ɓare masa, yarinyar nan ta buge mini hannu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kak ki taɓa! Jijiyoyin ba su ƙahe ba, jini za shi zubarwa."

Haka na zauna a ƙasa gaban akurki, na danne hannuwana da cinyoyi, azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki. Da ya turo ɓawon ya faɗo, jiƙe sharkaf, na rushe da kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza.