Ranar da Malam Nuhu Ya Raɗa wa Lambobi Suna

Malam Nuhu bai taɓa neman a san da shi ba, lambobi ne suka fito da shi. Shekara goma sha huɗu ya yi a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikata a Kaduna, can ƙarshen baranda, daura da inda ake jibge karyayyun kujeru. Manhajar da ma'aikatar ke aiki da ita tana da halin manya: in abu ya lalace ba ta bayani, sai ta jefo lamba ta ja bakinta. Nuhu kaɗai ya haddace ma'anar kowace, haddar da bai yi wa karatun allo ba.

Don haka wayarsa ba ta hutu. A wurin ɗaurin aure, a cikin keke Napep, a layin mai tsire.

"Malam Nuhu, ashirin da takwas!"

"Wuri ya cika. Goge hotunan bikin nan."

A gidansa na Unguwar Sarki har matarsa Maijidda ta tsinci nata rabon. In yana wanka ita ke ɗauka: "Biyu? Fayil ɗin ba ya nan, ku duba inda kuka yar da shi."

Bana sai kujerar Makka ta fito masa. Ya kai takardar hutu gaban Darakta, Alhaji Abdurrahim, wanda ya taya shi murna ƙwarai, sannan ya ture takardar gefe.

"Ka tafi kwana arba'in, mu kuma mu zauna muna kallon lambobi kamar masu bugun ƙasa? Bar mana mai fassara, in sa hannu."

Saura sati biyar jirgi ya tashi. Nuhu ya rasa wanda zai bari, sai ya tuna da laburare. Haka masu sana'ar ke kiran rumbun umarnin da duk manhajojin ofis ke ara daga ciki. Ya buɗe shi, ya soma jera lambobin, kowace yana liƙa mata sunan da ɗan Adam zai karanta ya gane. Biyu ta zama BABU_FAYIL. Ashirin da takwas ta zama BABU_WURI. Da ya ga na farko ya bayyana a allo, ya miƙe tsaye ya yi kabbara shi kaɗai, har masinja ya leƙo.

Kullum da gudu yake shiga gida. "Maijidda! Yau talatin na raɗa wa suna!"

"Madalla, Baban Ilham. Ina ragunan?"

Ranar gwaji Darakta ya tara ma'aikata, aka haska allon kwamfuta a bango. Turai sakatariya ta nemi fayil ɗin da babu shi, sai ga BABU_FAYIL ɓaro-ɓaro. Aka kaure da tafi. Wani ya cika ma'ajiya da gangan, BABU_WURI ta fito, Turai ta rangaɗa guɗa ta manta a ofis take. Nuhu yana tsaye hula ta karkace, baki har kunne.

"Kawo nan in gwada da kaina," in ji Darakta.

A nan ne Nuhu ya tuna da abin da ya manta. Akwai wata jaka a kwamfutar, ta jerin waɗanda za a ƙara wa girma, wadda Babban Sakatare kaɗai aka yarje wa buɗewa. Shekara da shekaru Darakta na ɗan taɓa ta in ya keɓe, goma sha uku ta fito, ya kira Nuhu, Nuhu ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, na'urar ce ta gaji." Murna ta sa ya raɗa wa goma sha uku sunanta na gaskiya tare da 'yan'uwanta, bai tuna da mai ita ba.

Hannu kuwa ya saba da hanya. Darakta ya danna jakar. Bango ya amsa da manyan baƙaƙe: BABU_IZINI.

Ma'aikata arba'in suka gano cewa takalmansu na bukatar kallo.

"Nuhu."

"Ranka ya daɗe."

"Wannan ce goma sha ukun?"

"Ita ce, yallaɓai."

"Wadda ka ce gajiya ce?"

"Da gajiyar ma a ciki, ranka ya daɗe."

Darakta ya dubi bango, ya dubi Nuhu. Ya gyara zaman rigarsa, ya ce ai dama gwada tsaron yake yi, kuma ya gamsu. Kowa ya yarda nan take. Sannan ya jawo takardar hutun, ya rattaba hannu da saurin da ba a taɓa gani ba a ma'aikatar.

Nuhu bai kai ƙarshen baranda ba ya zaro waya, karo na farko a shekara goma sha huɗu da shi ne mai kira.

"Ya sa hannu?" in ji Maijidda.

"Ya sa! Har da ƙarin sati biyu. Ya ce kada in yi gaggawar dawowa."