Mai Waya Biyu a Shagon Aski

Malamin lissafi yana zaune a shagon aski yana jiran layi, sai ga wani mutum ya shigo, turarensa ya riga shi sallama. Ƙato ne, wuya ninki uku, zobe a kowane hannu, waya biyu. Yana zama ya cinye rabin bencin.

Malam ya saci kallon wayar, sai ransa ya ɓaci. Dandalin masu kiwon kaji ne a buɗe, wanda shi Malam yake kula da shi kyauta shekara shida ke nan. A saman shafin ga roƙon da ya rubuta da kansa: ma'ajiyar dandalin ta cika maƙil, a taimaka a kama hayar babba. Mutumin ya ture roƙon da ƙaramin yatsa kamar mai korar ƙuda, ya ci gaba da ɗora hotunan zakaransa mai mura. Hoto na talatin ke nan.

"Wannan dandali sai ka ce hawainiya!" in ji shi, yana tsaki. "Ba abin da suka iya sai maula."

Mai aski ya ce, "Alhaji, ka taɓa sa musu wani abu?"

"Allah Ya kiyaye! Ba sun ce kyauta ba ne?"

Malam ya san irinsu: a ci abincin mutane a ƙoshi, a fita ana cewa gishiri bai ji ba. Yana haɗiyar maganar da ta taso masa, sai mutumin ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Malam, ɗan jona ni da datarka mana. Saura hoto goma."