Gangar da Ta Sha Wiski

Shekarar da rijiyoyin unguwarmu a Malbaza suka ƙafe, maigidana ya shigo da gangar katako a amalanken jaki, don mu riƙa tara ruwa. Wani Nasara mai aikin siminti ne ya sayar masa. Wai giyar wiski ta yi shekara da shekaru a cikinta, don a ƙasarsu sai giya ta tsufa cikin itace take daraja.

Na wanke ta da toka, na turara ta kamar randar amarya, ruwan bai daina warin giya ba. Surukata ta ce ko alwala ba za ta yi da shi ba. Haushi ya sa na shanya gangar a rana, yadda muke yi wa ƙwarya. Ina na san danshi ne ke riƙe katakonta?

Ranar da motar ruwa ta zo, na sha kokawa a layi, na juye duk rabonmu a ciki. Sai ta fara zuba ta ko'ina. Na rungume ta, ina toshewa da zanena, ina ihu a kawo kwano. 'Ya'yana na kallo da ƙishi, ƙasa ta shanye tas.

Warin kuwa yana nan daram.