Naman Inna Dije Ya Jira Ɗanta

Jama'a, wallahi a gabana aka yi abin nan, ba labari na ji ba. Bayan korona ta lafa, ni ke tuƙa wasu masu bincike daga Zariya zuwa Birnin Gwari, suna bin rugage kan wani tari da ke kayar da tsofaffi. Idan mutum ya yarda, sai su ɗan kankaro fatar cikin hancinsa da siririn tsinke, su je su rene ta a 'yan faranti, ta yi ta girma, sannan su sa mata ƙwayar cutar su ga yadda take kamu. Ni dai da farko dariya na yi, na ce yanzu har hanci ake nomawa?

A wata ruga wajen Tsohon Birnin Gwari muka ɗebi na wata tsohuwa, Inna Dije. Ba a jima ba Allah Ya yi mata rasuwa, ɗanta na fari, Buba, yana can kudu da shanu, ko jana'iza bai samu ba.

Da damina ta faɗi sai ga shi ya tare ni a tasha.

"Direba, an ce naman tsohuwata na wurinku. Mu ko gashi da farce binnewa muke yi. A ba ni in haɗa mata."

Na ɗauko shi har Zariya. Likitar da ke renon, Allah Ya saka mata, ba ta yi musu ba, ta fito da farantin da ba a sa wa cuta ba, ta ɗora a na'urar da ke girmama abu, hoton ya fito a allo. La'ilaha illallahu! Wasu 'yan gasu ne birjik suna kaɗawa tare kamar ciyawa a iska. Matar tana kabari, namanta na aiki! Likita ta ce haka suke share majina a ƙirjin kowa.

Kun san kunyar Fulani da ɗan fari, an ce Inna Dije ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Buba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi magana da Fulatanci can ƙasa-ƙasa. Daga baya ya ce min cewa ya yi, "Inna, na dawo."

Na rantse da Wanda Ya halicce ni, gasun nan suka tsaya cak, gaba ɗaya.

Likita ta duba zafi, ta duba ruwan da ake ciyar da su, ta ɗauko na sauran mutane, duk suna kaɗawa lafiya lau. Na Inna Dije ne kawai suka tsaya, har sauran nata da aka ajiye a wani ɗaki daban. Na ce, "Likita, mene ne wannan?" Ta ce, "Malam, ban sani ba."

Ta tsaftace naman ta ba Buba, ya naɗe a farin ƙyalle, ya riƙe a cinya har muka iso rugar, ya binne a gefen kabarinta.

Har yau in na ja numfashi na tuna, sai tsigar jikina ta tashi. Duk mai uwa a raye, don Allah ya je gida ya ce mata ya dawo tun tana iya amsawa.