Muttaƙa, Mai Kai Hatsin Ƴaƴan Fari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Agusta 2025, Allah Ya karɓi ran Muttaƙa Isufu, ɗan Dogo-Dogo, a nan Magariya, bayan zazzaɓin ƴan kwanaki. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Ruma'isa, da ƴaƴa biyu ƙanana. Ni da na koya masa lissafi a kwaleji, na tsufa har gwiwoyina sun ƙi ni, ni ne yau aka bari da rubuta ta'aziyyarsa.

Muttaƙa, ka san ban yarda da komai na zamanin nan ba. Na yi karatun tattalin arziki a Yamai lokacin da diplom, takardar shaidar karatu, yake da daraja, na dawo na ci alli har na gaji, na ga proje iri-iri na raya karkara sun zo da motoci masu sanyi sun tafi, ba su bar mana komai ba sai allunan da suka yi tsatsa a bakin hanya. Don haka ranar da ka zo zaurena ka ce ka buɗe shafin talla a intanet, ban ɗago kai ba.

Da farko komai ka zuba a shafin: takalma, shadda, turare, agogo. Babu wanda ya waiwaye ka, domin duk abin da ka tallata, ɗan kasuwar Kano ya riga ka kuma ya fi ka araha. Abokanka suka ce ka ƙara kaya. Kai kuwa ka kwashe komai, ka ce za ka nemi abu guda da mutanenmu ke buƙata wanda ba a sayar da shi a kasuwa.

A wajen ƴan ci-rani ka same shi. Samarinmu suna Libiya, suna Aljeriya, suna Legas. Idan suka aiko da wani abu gida, hannun baffa ko babban wa yake bi, kafin ya kai ɗakin tsohuwa ya zama labari. Sai ka mayar da shafin na hatsi kaɗai: ɗa ya zaɓi buhun gero daga can, kai ka ɗora a moto, wato babur, ka auna shi tiya-tiya a gaban uwarsa, ka ɗauki muryarta a waya ka tura masa shaida.

Na tuna yadda ka dawo daga Mallawa a tafiyarka ta farko, ranka a ɓace. Ka kai wa wata tsohuwa, Inna Yakura, hatsin da ɗanta ya saya daga Tarabulus. Ka miƙa mata waya ka ce ta ambaci sunansa ta yi masa godiya. Ta ja mayafi ta juya maka baya. Ashe ɗan farinta ne, kuma tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Da ka koma, ba ka roƙe ta komai ba. Ka ajiye wayar a kan turmi tana ɗaukar murya kuna hira, har ta ce, "Ka faɗa wa wancan na Tarabulus abin ya iso. Ya rage shan shayi, an ce ya rame." Ka ce mini ɗan nata ya kira ka da ya ji saƙon.

Daga nan ka gane su wane ne masu sayenka na gaskiya. Ɗan auta zai kira uwarsa ya tambaye ta ko ta ci abinci. Ɗan fari ba zai iya ba, ita ma ba za ta taɓa ce masa rumbu ya ƙare ba. Ka tsaya a tsakanin kunyar nan, ka yi sana'a da ita ba tare da ka keta ta ba. Ribar ba ta sa ka gina bene ba, amma ta riƙe gidanka, kuma ba ka taɓa rage tiya ba ko a watan da gero ya yi tsada. Tsohuwar da ɗanta ya yi shiru, kakan biya ta ƙofarta ka gaishe ta don kada maƙwabta su gane an manta da ita.

Ranar sadakar uku na ga halin mutanenmu, kuma bai ba ni mamaki ba. Ba a naɗe tabarmi ba wani mai kanti ya aika a tambayi Ruma'isa ko za ta sayar masa da shafin da lambobin da ke ciki, yana so ya cika shi da turare da takalma. Tana takaba, ba ta da ikon fita ta kai hatsi ko'ina, kuma ga marayu a gabanta. Da ta sayar, babu mai zarginta. Daga bayan labule ta ce, "Ku ce masa muryoyin iyayen mutane ne a ciki. Amana ce, ba kaya ba ce."

Ta rufe shafin da hannunta. Wanda duk ya yi odar da ba a kai ba, ta sa ƙaninka ya kai, sannan ta sanar da su rasuwarka ɗaya bayan ɗaya. Ga shi muna tsakiyar damina, sabon gero bai nuna ba, rumbuna sun yi ƙasa. A ƙauyukan Dungas akwai tsofaffin da ke jin ƙarar moto su gyara zama, kuma ba za su buɗe baki su faɗa wa kowa abin da suke jira ba. Ku da kuke can nesa kuna karanta wannan, kada ku jira a gaya muku. Mai gaya muku ya tafi.

Allah Ya jiƙanka, Muttaƙa, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa kowace ƙwayar da ka auna ta zama nauyi a mizaninka. Allah Ya ba mahaifiyarka Gumsu, da Ruma'isa, da ƴan'uwanka na Dogo-Dogo da na ƙetaren iyaka haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ka bari. Mu da muka daɗe a layi aka tsallake mu, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Malam Sallau Gajere, Magariya