Shekarar da Muka Rage Kanmu a Ƙidaya

Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya huɗu, lokacin da wani malamin jami'a ya sauka a ƙauyenmu, gabas da garin Wad Haddad. Siriri ne, da tabarau da jakar takardu, ga ladabi har ya yi yawa. Ya ce gwamnati na tunanin sayo injin cirar auduga daga waje, shi kuma an ba shi aikin ya binciko abin da injin zai yi wa mutane irinmu. Abu ɗaya yake so, ya san hannu nawa ke shiga gona daga kowane gida.

Cirar auduga ita ce abincinmu. Kaɗan ne a cikinmu ke da hawasha, wato gonar da hukuma ke ba mutum ya noma. Sauranmu a gonakin wasu muke aiki. Amma ni ban ji maganar inji ba, ƙidaya kawai na ji. Rabin ƙauyen ba su da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, har da ƙanena, wanda aka haifa a kan hanya kafin iyayenmu su iso wannan ƙasa. Da yake ni ne mai Larabcin da ba ya tuntuɓe, ni dattawa suka tambaya bayan la'asar.

“Mi ka gani ga wanga mutum?” in ji mai gari.

“Baba, ƙidaya ƙidaya ce. Wanda ba shi da jinsiyya, kada a ambace shi.”

Na faɗa da ƙarfin hali, ina jin kaina wani mai hangen nesa. Har yau in na tuna sai na ji haushin bakina.

Kwana tara muna bin gidaje, yana tambaya ina fassarawa. Abin da ban lissafa ba shi ne halinmu. Tsofaffi ba sa ƙirga 'ya'ya a fili, sai su ce Allah ya yi albarka, in an matsa su faɗi biyu ko uku don a rabu da su. Mata kuwa, daga bayan zana suke amsawa, kuma babu wadda za ta ambaci ɗanta na fari, kunya ba za ta bari ba. Matata ma da aka tambaye ta, uku ta ce. Babban namu, wanda ya fi ni saurin cira, ta tsallake shi, ni kuma na fassara uku ban ko yi tari ba. Na so a rage kaɗan, sai ga ƙauye ya koma kamar wanda annoba ta share.

Bayan damina ya dawo da fara'arsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar mai gari, maza suka kewaye. Ya ce ya rubuta cewa inda mutane ke da yawa kada a kai inji, don zai raba su da abinci. Amma gonakin da ke kewaye da mu, hannu ya yi ƙaranci ƙwarai, auduga za ta lalace a tsaye, saboda haka ya ba da shawara a fara gwajin a nan. Yana faɗa yana murmushi, a ganinsa ya sauke mana nauyi.

Da na fassara, maza suka dubi juna. Ya lura. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Ko akwai kuskure? In akwai, faɗa mini yanzu in gyara. Sai dai in ga mutanen da idona, in rubuta sunayensu.”

“Ustaz, sunayen nan, wa zai gan su?”

“Ni da hukuma. Ba na iya ɓoye musu.”

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji haushinsa don ya faɗe ta. Na dubi mai gari, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ƙanena na tsaye jikin bango. Ban san ko za a kori kowa ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani, babu wanda zai buɗe baki in ba ni ba.

“Babu kuskure,” na ce. “Daidai ne.”

Da auduga ta fashe, injin ya zo da safe, ƙararsa har cikin gida. Babu mai gonar da ya aiko neman mu. Ƙauyen gaba ɗaya ya fito bakin magudanar ruwa, tsofaffi da mata da yara, muka jeru muna kallo hannu banza. Malamin yana can da littafinsa. Ya hango mu, ya tsallako, ya daɗe yana bin layin da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

“Waɗannan duka su wane ne?”

Uwata na zaune a ƙasa kusa da ƙafata, ɗana na tsaye a damana, yaron kuma yana jin Larabci sarai.

Na ce, “Baƙi ne, Ustaz. Ba 'yan nan ba ne.”